Na Ce Mai Komawa Ya Hau

Jama'a, abin da zan ba ku ba a majalisa na tsince shi ba, ba kuma a waya aka turo mini ba, ni ya faru da ni, da rana tsaka, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunSa ban ƙara masa gishiri ba. Wanda ya yarda to, wanda bai yarda ba ma ba zan ga laifinsa ba, don ni kaina da wani ne ya zo mini da irinsa kafin wannan ranar, dariya zan yi masa har in riƙe ciki.

A shekarun nan ina zaune a ƙauyenmu ta wajen Tofa, ina jan wata tsohuwar a-kori-kura fara. Dako nake yi, ba na zaɓen kaya. Da kaka in kwaso gero da dawa da gyaɗa da kara, da bazara kuma in koma jidar taki daga cikin gari zuwa gonaki, don kun san ƙasarmu gona ce jikin gona, ba wadda ake bari ta huta, in ba ka zuba mata ba ita ma ba za ta ba ka ba. Taki kuwa in ya jiƙe, nauyinsa sai wanda ya ɗauka. Motar nan ta ga ta kanta a hannuna. Duk lodin da na yi sai bayanta ya zauna daɓas, hancinta ya ɗaga sama, sitiyari ya yi sakayau a hannuna, sifirin kuwa na karya su har mai walda ya fara yi mini kirari in ya hango ni.

Sai wani makanike a cikin gari ya ce in sa mata balan-balan. Wasu baƙaƙen jakunkunan roba ne masu kauri guda biyu, ana ɗaura su tsakanin ƙarfen jikin mota da aksil ɗin baya, ɗaya hagu ɗaya dama, a hura musu iska su taya sifirin riƙe nauyi. Ya haɗa mini da ɗan injin hura su a ƙarƙashin kujera, da geji a gefen sitiyari mai allura biyu, ja ta hagu, fara ta dama. Ya ja mini kunne cewa abin nan ba ya mayar da a-kori-kura tirela, birkina da tayoyina suna nan yadda suke, zaman motar kawai yake daidaitawa. Na ce masa na ji, amma Allah Ya sani ban ji ba.

Allurar nan ita ta fi burge ni. In bodi ba komai, kwance take can ƙasa abinta. Ana fara jefa buhu sai ka ga ta ɗago kai da kanta, saboda nauyin yana matse iskar da ke ciki. Ban jima ba na iya karanta ta, ina zaune a gaba ina ɓare gyaɗa sai in leƙo in ce wa masu lodi, kun karkata hagu, ko in ce ya isa haka. Ni kuma Allah Ya yi ni da baki, ba na iya ganin abu in yi shiru, na cika tasha da zancen motata har abokan sana'a suka daina kiran sunana, sai dai mai balan-balan.

A daidai wannan bazarar mai ɗakina ta haihu, aka samu mace, ranar suna ba ta zo ba tukuna. Kafin ita mun samu biyu, duk sun koma kafin ranar suna, saboda haka murnar gidanmu a ɗarare ake yin ta, ko dariya mutum ya yi sai ya waiwaya. Mahaifiyata, Inna, ita ke dafa ruwan wanka tana kula da mai jego, ni kuma ina ta faɗi-tashin ragon suna, aikin da ya zo duk ba na mayar da shi.

Ran nan da hantsi ina tasha sai ga wani dattijo, dogo siriri, farin gemu fes, ya rungumo sababbin tabarmi a naɗe. Ya yi sallama ya ce, "Kai ne mai motar da aka ce ba ta durƙusawa?"

Na buga ƙirji na ce, "Ni ne, Baba. Ko giwa ce kawo ta."

Bai yi dariya ba. Ya ce ƙaura za a yi, maƙwabtansa zai tasa daga wata gona a bayan Rijiyar Zaki zuwa wata gonarsa a ƙasar Bagwai. Ta Rijiyar Zakin gonar gado ce, 'ya'yan ɗan'uwansa sun sayar, an yanka ta fulotai, gobe katafila za ta shiga. Na tambaye shi ko kayan da yawa, ya ce kaya kam babu, mutanen ne da ɗan dama. Ni a raina na ce aikin banza ya samu, ɗaukar mutane ai hutu ne ga wanda ya saba da taki.

Muka je. Wallahi ko bukka babu a wurin, fili ne fetal sai duwatsun fuloti da aka kakkafa, sai wata tsohuwar kuka guda ɗaya mai kogo a gindinta, irin wadda mutum biyar ba sa zagaye ta da hannu. Na ce, "Baba, ina mutanen, ko sun tafi cin kasuwa ne?" Ya ce in juya bayan motar wajen kukar, in share bodin tas. Na share. Ya ce da sauran warin taki, in wanke. Na zazzage jarkar ruwan da nake ajiyewa saboda lagireto mai sanyaya inji na wanke, ina yi ina ƙunƙuni. Ya shimfiɗa tabarmin nan da hannunsa, ya gyara kusurwoyinsu, ya sauke ƙofar baya, sannan ya tuɓe takalmi ya je gindin kukar ya yi sallama, ya durƙusa yana magana ƙasa-ƙasa yadda ake yi wa manya.

Nan na gane na haɗu da mai taɓin hankali. Na shige gaba na zauna, na ce in dai zai biya ni ai ko iska ce na kai masa ita Bagwai. Ina jin sa ya dawo ya tsaya gefen ƙofar bayan yana cewa, "To bismillah. A hankali. Mata da yara su fara."

Sai motar ta ce ƙiiii.

Na ɗauka jingina ya yi da ita. Na duba madubi, yana can gefe hannunsa a ƙirji, ko taɓa ta bai yi ba. Idona ya sauka kan geji, na ga allurar nan biyu sun ɗago. Ba a hankali suke hawa kamar ana zuba yashi ba, tsalle-tsalle suke, wannan babba, wannan ƙarami, ƙarami, sai kuma babba, daidai yadda suke yi in mutane na hawa ɗaya bayan ɗaya. Motar tana lotsawa tana girgiza, tana lotsawa tana girgiza. A madubi kuwa ba komai sai tabarmi, sai dai ina ganin sabuwar tabarmar da ɗazu bakinta ke naɗewa sama ta kwanta lif, tana yamutsewa wuri-wuri. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Abin mamaki, hannuna da kansa ya kai kan makunnin injin yana ƙara wa balan-balan iska, sabo ne kawai, ni ban san ina yi ba. Allura ta wuce inda buhunan dawa ke kai ta, ta wuce inda jiƙaƙƙen taki ya taɓa kai ta, ta doshi inda makanike ya ce kada in kuskura.

Na ƙwalla ihu, "Baba ya isa! Wallahi aksil zai karye!"

Ya ce, ba da ni ba, "Ku ɗan matsa wa juna, saura kaɗan." Aka ƙara lotsawa sau biyu ko uku, sannan ya ɗaga ƙofar ya sa sakata, ya sa takalminsa, ya zagayo ya zauna kusa da ni kamar wanda ya gama lodin albasa.

Na so in buɗe ƙofa in ranta a na kare. Dattijon ya dube ni ya ce in kwantar da hankalina, ba ruwansu da ni. Ya ce tun zamanin kakansa suke zaune tare, danginsa ba su taɓa yi musu yanka ba, su ma ba su taɓa nema ba, Ubangijin kowa ɗaya ne, maƙwabtaka ce kawai, kuma shi ba zai iya kwana ya bari a tashe su da katafila ba kamar wasu kiyashi. Ya ce ya fara gwada amalanke, shanun suka kwanta suka ƙi tashi. Ya kawo wata motar, sifirinta ya karye tun ba a gama hawa ba. Sai aka yi masa kwatancena. Kun ji abin da cika baki ya jawo mini.

Ya ce, "Ka ja a hankali, ɗana, akwai tsofaffi."

Haka muka kamo hanya, muka bi ta Tofa muka miƙa. Motar da kowa ke gani fayau ba komai a bayanta, ga ta tana nishi a giya ta biyu, in na taka birki sai ta yi ta tafiya kafin ta yarda ta tsaya. Wani abokin sana'ata ya wuce ni yana ɗaga hannu yana dariya, wai ko ƙwai na ɗauko. In muka shiga kwana ina ganin allura ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, wato an karkata an riƙe juna. Wani wari-wari kuma yana shigowa ta taga, kamar na tsohon ɗakin da aka daɗe ana hura wuta a ciki. Mun wuce wani jaki da mangalar taki a kan burji, yana ganin mu ya juya mana baya ya cusa kansa cikin shinge, mai shi na ta dukan sa ya ƙi motsi. Ni dai duk abin da na haddace tun ina makarantar allo sai da na karanto shi, har wanda na manta ya dawo.

Kafin azahar muka isa. Gona ce a bayan wani ɗan ƙauye, da kukoki biyu manya a gefenta. Ya sauke ƙofa, ya yi musu bismillah, motar ta fara ɗagowa mataki-mataki, sifirin na ƙara, har allurar nan biyu suka koma suka kwanta. Na sassauta iskar da na ƙara. Kai, jama'a, ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Ji na yi kamar ni aka sauke wa kayan daga ka, har wata dariya ta kuɓuce mini ta rashin dalili. Dattijon ya sallame ni, ya sa mini albarka, ya koma yana naɗe tabarminsa.

To a nan ne na yi abin da na yi. Ku da kuke birni ba lallai ku gane ba. A wajenmu mota ba ta fita daga ƙauye ba kowa a bayanta direba ya yi shiru, abin kunya ne, za a ce marowaci ne. Abin hawa wuya yake yi, wata tsohuwar tun safe take zaune bakin hanya da ƙullinta. Saboda haka in ka sauke kaya za ka juya, sai ka fito da hannu ka buga ƙofa ka yi kira, wanda ke da tafiya ya fito. Maigidan da ya koya mini tuƙi har rankwashi ya taɓa yi mini a kan na manta. Na yi wannan kiran ya fi a ƙirga, bakina ya riga ya haddace, ba ya shawara da ni. Ina tada mota sai hannuna ya fita ya buga ƙofa, bam bam, na ji muryata tana cewa, "To, mai komawa ya hau! A zo a rage hanya!"

Ban rufe baki ba ɓangaren hagu ya lotsa. Jar allura ta miƙe ita kaɗai, fara tana kwance.

Tabarmin suka zube daga hannun dattijon. Mutumin da tun safe ko gezau bai yi ba, sai ga shi ya rugo wajena a gigice. Ya ce, "Yaro, me ka yi? Wa ya ce ka yi kira?" Ya dawo bayan motar ya durƙusa, ya yi magiya, ya yi lallashi, ya haɗa da Allah da Annabi, jar allura ko motsi. Da ya gaji ya zo taga ya ce mini laifinsa ne da bai gargaɗe ni ba, amma yanzu shi ba shi da bakin magana, don ba shi ya yi gayyatar ba. A cikinsu akwai wanda dama ƙaurar ba ta kwanta masa ba, kuma can ɗin babu wurin komawa.

Na ce, "To Baba ya zan yi?"

Ya ce in yi ta tafiya, in bi inda ke da manyan itatuwa, in riƙa tsayawa ina sauke ƙofa, inda ya yi wa mai shi zai sauka. Ya ce kada in yar da motar in gudu da ƙafa, don ni na kira, ni za a bi. Sannan ya tambaye ni ko akwai ƙaramin yaro a gidana. Da na gaya masa, sai ya runtse ido ya ce, "To ko me za a yi, kada ka je gida da shi."

Ranar na san itatuwan ƙasar nan. Duk kukar da na hango, duk tsamiya, duk gawo, sai na ratse na tsaya, na sauke ƙofa, na ce bismillah an iso, kamar wani sabon mahaukaci, manoma masu watsa taki suna tsayawa suna kallo na. In dawo in leƙa geji, ja tana nan a tsaye. Na yi ta rarrashin kaina cewa balan-balan ɗin hagu ne ya lalace, amma na fi kowa sanin cewa in ya huje faɗuwa allura take yi, ba hawa ba. Na yi azahar a gefen taya, ina sallah ina jin kamar ana kallon ƙeyata. Na tsaya shan mai, mai zuba man ya ce, "Oga, motarka ta karkace fa." Na ce masa na gani.

Wajen la'asar wayata ta yi ƙara, lambar mai ɗakina, amma muryar Inna ce. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗanta na fari. Ta ce, "Kai, kana ina? Yarinyar nan tun hantsi ta ƙi kama nono, jikinta ya yi zafi rau, idonta ya koma ruwan ɗorawa. Ka zo yanzu mu tafi asibiti."

Na fara in-ina, na ce a nemi wani abin hawan mana, ina nesa. Ta ce yau kasuwa, duk mai babur ya tafi, garin daga tsofaffi sai awaki. Na kashe na kira abokaina biyu, ɗaya yana can hanyar Katsina da lodi, ɗaya wayarsa a kashe. Na sake kiran gida. Ina jin kukan mai ɗakina a bayan muryar Inna, amma ban ji kukan jaririya ba, kuma wannan shirun na san shi, sau biyu ina jin irinsa a gidana. Wallahi kifa kaina na yi a kan sitiyari na yi kuka da hawaye, ni da gemuna. In na je, na kai mata abin da aka ce kada in kai. In ban je ba, na bar ta ta bi 'yan'uwanta ina yawon gaida itatuwa. Na ɗago na dubi madubi, na ce wa bodin da ba kowa, "Ko wane ne kai, don girman Allah ka ji tausayina." Na sa giya na nufi gida.

Ban shiga gari ba. Na tsaya can bakin gonaki inda hanyarmu ta rabu da burji, na yi waya na ce su fito su same ni, mota ba za ta iya shigowa ba. Jim kaɗan na hango su, Inna a gaba da jaririya a naɗe cikin zani, mai jego a baya tana jan ƙafa, riƙe da ɗan kwando da gorar ruwa. Saura 'yan taku su iso Inna ta ja ta tsaya cak. Ba ni take kallo ba, kusurwar bodi take kallo ta hagu, daidai bayan kujerata. Ta daɗe a haka, sannan ta miƙa wa mai ɗakina jaririyar ta ce, "Koma bayana, ki rufe mata fuska."

Ta ce, "Kai, wa ka ɗauko?"

Na gaya mata a gurguje. Ta ce tun yaushe, na ce tun kafin azahar. Sai ta yi mini wani kallo irin na lokacin da nake yaro in na yi abin kunya gaban baƙi, ta ce, "Tsohuwa ka bari a rana tun azahar, ko ruwa ba ka ba ta ba?"

Tsohuwa. Ni ban ce mata mace ba ce, ni kaina ban sani ba.

Ta ciro moɗa daga kwandon, ta tsiyaya ruwa, ta taka har jikin motar ta ajiye a kan bodi, ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da hanya, Iya. Sannu da rana. A yi haƙuri, yaro ne." Sai na ga fuskar Inna ta canza, ta gyara tsayuwa ta baje zaninta ta tare tsakanin motar da mai jego. Ta ce, "A'a. Wannan ba ta yi ƙwari ba, ba ta isa karɓar baƙi ba. Ki daina kallon ta." Ta ce, "Ni ce babba a gidan. Ɗakina da faɗi, ni kaɗai ce a ciki tun rasuwar malam. In masauki kike nema ki zo wurina, ba zan gaji da ke ba. Amma ba ke ba ƙofar yarinyar nan."

Ina tsaye ina ji sifirin hagu ya yi ƙara, motar ta ɗago ta daidaita. Na leƙa ta taga, jar allura ta kwanta kusa da 'yar'uwarta. A daidai nan jaririyar ta tsala wani kuka mai ƙarfi, wanda tun safe ba ta yi ba.

Inna ta ɗauki moɗarta ta ce, "Ku wuce asibiti, me kuke jira? Ni zan kai baƙuwa gida." Na ja mota ina kallon ta a madubi, tana tafiya a hankali a gefe ɗaya na 'yar siririyar hanyar nan, ta bar ɗaya gefen.

A asibiti suka ce shawara ce, suka sa ta a ƙarƙashin fitila na 'yan kwanaki, suka ce mun kawo ta a kan gaɓa. Ni ban ce maganinsu ne ba, ban ce ba shi ba ne, Allah dai Ya raya mana ita. Aka sa mata sunan Inna, muke kiran ta Ummi. Da na samu sarari na koma ƙauyen nan na ƙasar Bagwai neman dattijon, aka ce ai bai ga damina ba, Allah Ya yi masa rasuwa.

Inna ba ta sake tada zancen ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ta a tsakar gida, ta sa yatsa a baki ta ce ba a maganar mutum yana ji. Na kawo malamai suka yi addu'o'i, ta karɓa ta yi godiya, dama ita ba ta wasa da sallah da wuridi. Amma kullum kafin magariba sai ta cika moɗar nan ta shiga da ita ɗaki, ni kuwa ban taɓa samun zuciyar tambayar ko ana sha ba. Gadonta na ƙarfe, ƙafafunsa na jikin bango suka nutse cikin daɓe har sai da na sa musu bulo, alhali ita kullum ramewa take, tsufa ya zo mata da gudu. Ba wanda take so a duniya kamar Ummi, ta goya ta, ta yi mata wasa, ta ɓoye mata alewa a bakin zani, amma duk a tsakar gida. Ko rarrafe yarinyar ta yi ta nufi ƙofarta, sai ta sure ta ta mayar wa uwarta.

Haka muka zauna har Ummi ta isa shiga makaranta, sannan Inna ta kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah Ya karɓi abarSa. Maƙabartarmu da nisa, a motata aka ɗauke ta. Allah Ya gafarta mini, ina tuƙa gawar mahaifiyata idona na kan geji, ina fatan in ga alamar sun tafi tare, amma maza sun cika bodin maƙil, ba abin da allura za ta iya gaya mini. Muna dawowa na sa wa ɗakinta kwaɗo na jefa makullin a aljihu.

Bayan an tashi daga zaman makoki, wata ranar na dawo daga aiki rana ta yi ja, ina shiga gida na ga moɗa cike da ruwa a bakin ƙofar da na kulle. Na tambayi mai ɗakina, ta dafe ƙirji ta ce ba ita ba ce. Ummi na gefe tana wasa da 'yartsanarta ta kara, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ni na ajiye, Baba."

Na durƙusa gabanta na ce, "Wa ya sa ki?"

Ta ce, "Ba kowa. Na ga tana ta zaune ne, ba wanda ya kula ta."

Na tashi na buɗe kwaɗon, na ɗauki moɗar na shiga, na tsaya a tsakiyar ɗakin da ba na ganin kowa a ciki, na ce, "Iya, ni na kira ki, ni ne mai masaukinki yanzu. Ki rabu da yarinya." Ba a amsa mini ba, ban kuma ji komai ba. A ranar na kwaso shimfiɗata na dawo ɗakin, har yau a nan nake kwana, ni nake zuba ruwan. Ban taɓa ganin ta ba, ban san me take so ba, ban san ko ta karɓi maganata ba. Ummi dai lafiyarta ƙalau, tana karatunta, ba ta firgita, ba ta ciwo.

'Yan'uwana direbobi, da duk mai abin hawa, ban ce ku daina taimako ba, rage hanya lada ne. Amma ku dubi mutum da idonku, ku kira shi da sunansa ko ku nuna shi da hannu ku ce kai, zo mu tafi. Kada ku buɗe baki a fili ku ce kowa ya hau, don ba ku san iyakar masu jin ku ba. Ni kuma ku sa ni a addu'a, ni da 'yata, don har gobe in ta zo gaishe ni da safe a bakin ƙofar nan, sau biyu take durƙusawa.